Zoben lu'ulu'u nake son saya mata, amma abin da na tara bai kai ba

Assalamu alaikum Anti, ranki ya daɗe. Ni matashi ne ɗan shekara 29, ma'aikacin albashi, kuma shekara biyu ke nan muna tare da wadda nake son aura, wadda ma'aikaciyar jinya ce. Mun fahimci juna, abin da ya rage shi ne in ba ta zoben alkawari. Watannin baya aka ba ƙawarta zobe mai lu'ulu'u karat ɗaya, ta nuna mini hotonsa tana ta yabawa, tun daga ranar na ƙudurta a raina cewa irinsa zan saya mata. Na yi wata takwas ina tari, amma da na je kanti sai na tarar abin da ke hannuna bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ba. Mai kantin ya ce in ba da abin da nake da shi, in biya sauran cikin shekara biyu da kuɗin ruwa a kai, ya kuma ce ƙa'ida ita ce namiji ya kashe albashin wata uku a kan zobe. Wani abokina kuma ya ce in sayi na kwaikwayo kawai, ba za ta taɓa ganewa ba. Har yanzu ban faɗa mata komai ba, saboda ina jin nauyi, kuma ina tsoron kada ta raina ni. Mene ne mafita?

Wani mai karatu

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata takwas ɗin nan da ka yi kana tsuke bakin aljihunka domin ka faranta wa mace guda rai. Wannan ya nuna mini irin matsayin da take da shi a wurinka, ya kuma nuna cewa kana iya sa abu a gaba ka daure a kansa. Saboda haka ka sauke nauyin da kake ji, mu zauna mu duba lamarin da idon basira, domin kuɗin da ke hannunka za su iya sayen zobe mai kyau ƙwarai idan ka san inda za ka zuba su da inda za ka ja hannu.

Bari in fara da maganar albashin wata uku, domin ita ce ta fi tsorata ka. Wannan ƙa'ida daga talla ta fito. Kamfanin De Beers, wanda a da ya daɗe yana riƙe da mafi yawan cinikin lu'ulu'u a duniya, ya ɗauki kamfanin talla na N. W. Ayer da ke Amurka a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da kasuwar ta faɗi, kuma a 1947 wata ma'aikaciyar kamfanin tallar mai suna Frances Gerety ta rubuta taken nan da ke cewa lu'ulu'u na har abada ne. Daga baya tallace-tallacen suka riƙa faɗa wa maza nawa ya kamata su kashe: aka fara da albashin wata ɗaya, a shekarun 1980 aka mai da shi wata biyu a Amurka, a Japan kuma aka tallata wata uku. Ma'aunin da mai sayarwa ya yanka wa mai saye ke nan, kuma bai san kuɗin hayarka ko sauran hidimomin da ke gabanka ba. Ba na zargin mai kantin da mugun nufi, sana'arsa yake yi, kuma mai yiwuwa shi ma haka ya taso ya ji ana faɗa. Amma ribarsa tana ƙaruwa ne gwargwadon abin da ka kashe, don haka shawararsa a kan nawa za ka kashe ba ita ce za ka bi ba.

Maganar bashin kuwa, ina roƙonka ka bar ta. Shekara biyun da za ka yi kana biya su ne shekarun da za ku fi bukatar kuɗi a hannu, lokacin da kuke kafa gida, kuma duk wata idan aka cire wannan kaso daga albashinka ita ma za ta ji a jikinta, ko ta san dalili ko ba ta sani ba. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba: lu'ulu'u ba kadara ba ce da za ka sayar ka mai da kuɗinka. Farashin kanti ya ƙunshi ribar dillali da ta mai kanti da kuɗin aiki, kuma ranar da ka fito da zoben za ka sayar, abin da za a taya maka zai yi ƙasa sosai da abin da ka biya. Idan wata larura ta taso kana tsakiyar biyan bashin, za ka iya sayar da zoben kuma bashin ya ci gaba da binka.

Shawarar abokinka ta fi ta mai kantin haɗari, duk da na san tausayinka ne ya sa ya ba ka ita. Dutsen kwaikwayo da aka fi sayarwa, wato zirkoniya, ba shi da taurin lu'ulu'u, yana samun ƙarce yana dusashewa idan ana sa shi kullum. Ko bai dusashe ba, wata rana za ta kai zoben a wanke ko a rage masa faɗi, maƙerin ya ɗora masa na'ura ya gaya mata gaskiya a gaban mutane. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ɗana. A ranar ba darajar dutsen za ta dame ta ba, tambayar da za ta yi wa kanta ita ce me kuma ka ɓoye mata. Sayen dutse mai araha ba laifi ba ne ko kaɗan, matuƙar ta san abin da ke yatsanta kuma da yardarta aka zaɓe shi.

Yanzu mu zo kanta, domin a duk wasiƙarka ita ce ba a ji ta bakinta ba. Ta nuna maka hoto ta yaba, kai kuma ka ɗauki yabon a matsayin umarni, ka yi wata takwas kana ɗauke da shi kai kaɗai. Mai yiwuwa murna take taya ƙawarta. Mai yiwuwa siffar zoben ce ta burge ta, ko siririn ƙarfensa, alhali ba ta ma san nauyin dutsen ba. Mai yiwuwa kuma da gaske irinsa take so, kuma ba aibi ba ne mace ta so abu mai kyau. Ba za ka san wanne ne ba sai ka tambaya. Ka samu lokacin da hankalinku yake kwance, ka ce mata kana shirin zobenta, ka tara kuɗi kaza, ba ka son ku shiga gidanku da bashi, kuma kana son ta taya ka zaɓen abin da za ta ji daɗin sawa kullum. Ka faɗi adadin kuɗin ƙarara, kada ka yi ta kewaye-kewaye ko ka fara da ban haƙuri kamar wanda ya yi laifi. Na san kana son ka ba ta mamaki, to ka ajiye mamakin ga rana da wurin da za ka miƙa mata zoben. Ma'aikaciyar jinya ta san yadda ake wahalar neman kuɗi, kuma ina kyautata zaton za ta girmama mutumin da ya zauna ya yi lissafi da ita.

Idan kun gama wannan magana, sai sayen kansa, kuma a nan nake son ka nutsu sosai. Ana auna darajar lu'ulu'u da abubuwa huɗu: nauyi, yanka, launi da tsabtar cikinsa. Cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, GIA, wadda aka kafa a 1931, ita ce ta tsara ma'aunin da mafi yawan 'yan kasuwa suke bi. Karat ma'aunin nauyi ne, karat ɗaya daidai yake da miligiram 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram. Abin da ido yake gani kuwa faɗin fuskar dutsen ne. Lu'ulu'u mai siffar da'ira da ya kai karat ɗaya faɗinsa kusan milimita 6.5 ne, mai karat 0.90 wajen milimita 6.2, mai rabin karat kuma ya ɗan haura milimita 5. Ka duba wannan da kyau: an rage rabin nauyi, amma faɗin bai ragu da fiye da kashi ɗaya cikin biyar ba sai kaɗan. Farashi kuma ba ya tafiya daidai da nauyi, domin manyan duwatsu sun fi wuyar samu, saboda haka mai karat ɗaya ya fi ninkin kuɗin mai rabin karat nesa ba kusa ba. Sannan farashin yana yin tsalle a kan cikakkun lambobi irin su 0.50 da 1.00, domin su kowa yake tambaya. Wanda ya sayi 0.45 ko 0.47 maimakon 0.50 ya rage kuɗi, kuma babu mai iya gane bambancin a yatsa.

Inda ba na son ka yi rowa shi ne yanka. Ƙyallin da ke ɗaukar ido daga yadda aka fere dutsen yake fitowa: lu'ulu'u mai da'ira yana da fuskoki 57 ko 58, kuma idan an daidaita kusurwoyinsu haske yana shiga ya dawo ta sama zuwa idon mai kallo. Idan an yi shi da zurfi ainun ko an baje shi ainun, hasken yana zurarewa ta ƙasa ko ta gefe, sai dutsen ya yi duhu kamar gilashi. Wasu masu yanka suna barin kauri a gindin dutse domin nauyinsa ya cika karat ɗaya, sai ka biya kuɗin nauyin da ke ɓoye cikin ƙarfe. GIA tana ba yankan lu'ulu'u mai da'ira matakai biyar, kuma ina ba ka shawara kada ka sauka ƙasa da biyun farko, waɗanda za ka ga an rubuta Excellent ko Very Good a takarda. Ƙaramin dutse mai kyan yanka yakan fi babba marar kyan yanka haske, har ya fi shi cika ido.

A launi da tsabta ne za ka samu sauƙi. Ma'aunin launi yana farawa daga harafin D, wanda ba shi da launi ko kaɗan, ya gangara zuwa Z mai ɗan rawaya. Daga G zuwa J ana lissafa su a matsayin masu kusan rashin launi, kuma da zarar an ɗaura dutsen a zobe da wuya wanda ba gwani ba ya bambance su da na sama. Idan zinare mai launin rawaya za ka yi amfani da shi, har J ko K suna fitowa fari tas, domin launin ƙarfen yana rufe ɗan rawayan dutsen. Tsabta kuma ana duba ta ne da madubin da ke ƙara girman abu sau goma, wato tabon da ake ƙirgawa galibi ido ba ya ganinsa. Matakan tsabta da ake rubutawa VS2, da SI1 da yawa, wato masu 'yan ƙananan tabo, ba a ganin komai a cikinsu da ido, kuma a dutsen da bai kai karat ɗaya ba ma abin ya fi sauƙi. Ka riƙe dutsen kamar tazarar da kake riƙe littafi, a hasken rana kusa da taga, domin fitilun kanti an tsara su ne su sa kowane dutse ya yi walƙiya. Idan ba ka ga tabo ba, to kada ka biya kuɗin tsabtar da sai da madubi ake ganinta. Ka dai guji dutse mai tsaga da ta kai bakin gefensa, saboda lu'ulu'u duk taurinsa yana iya ɓantarewa idan ya bugu a wurin da yake da rauni. Siffa ma tana rage kuɗi: mai da'ira ya fi tsada saboda an fi nemansa kuma ana asarar ɗanyen dutse da yawa wajen fere shi, alhali mai siffar ƙwai ko ta ɗigon ruwa yakan fi araha, kuma tsawonsa yana sa ya yi kamar ya fi nauyinsa girma.

Akwai hanyar da nake ganin za ta iya kai ka ga girman da ka gani a hoton ba tare da ka ci bashi ba, ita ce lu'ulu'un da ake haɗawa a ɗakin gwaje-gwaje. Kada ka haɗa shi da na kwaikwayo. Sinadarinsa ɗaya ne da wanda ake haƙowa, wato kabon zalla, taurinsu ɗaya, ƙyallinsu ɗaya, kuma sai da na'urori na musamman ake bambance su. Kamfanin General Electric ya yi nasarar haɗa shi tun 1954, kuma a 2018 hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka ta cire sharaɗin fitowa daga ƙasa a ma'anar kalmar lu'ulu'u, sai dai ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana asalinsa. Farashinsa ya faɗi ƙwarai a 'yan shekarun nan, har ya zama ɗan kaso ne kawai na kuɗin wanda aka haƙo. Illarsa ita ce idan an zo sayarwa kusan ba a ba shi daraja, kuma wasu mata suna son dutsen da ya yi miliyoyin shekaru a cikin ƙasa, wannan kuwa ra'ayi ne da ya cancanci a girmama shi. Shi ya sa na ce ku yi maganar tare.

Idan kuma ƙyalli da ƙarko take nema ba sunan dutsen ba, akwai moisanait, wanda aka sa wa sunan masanin kimiyyar Faransa Henri Moissan, da ya gano shi a 1893 cikin duwatsun wani rami da dutsen sama ya haƙa a jihar Arizona ta Amurka. A ma'aunin tauri na Mohs lu'ulu'u yana da maki 10, moisanait yana da 9.25, yakutu kuma 9, duka ukun suna jure sawa ta yau da kullum. Moisanait yana watsa launuka fiye da lu'ulu'u, wasu suna son hakan, wasu kuma suna ganin ya yi yawa, sai ta gani da idonta ta yanke hukunci. Ka kuma san cewa tsohuwar na'urar gwaji mai auna zafi tana karanta moisanait a matsayin lu'ulu'u, don haka ƙarar na'ura a kanti ba hujja ba ce da za ka dogara da ita.

Hujjar da za ka dogara da ita takardar shaida ce daga cibiya mai zaman kanta, kamar GIA ko IGI, wadda aka kafa a birnin Antwerp na Beljiyam a 1975 kuma ta yi fice wajen auna duwatsun ɗakin gwaje-gwaje. Takardar da kanti ya rubuta da kansa ba ta maye gurbin wannan. Kowace takarda tana da lamba, kana iya shigar da ita a shafin intanet na cibiyar ka ga ko bayanan sun yi daidai, kuma duwatsu da yawa an zana musu lambar a gefensu da hasken leza, sai ka nemi a nuna maka ita ta madubi. Ka zagaya kantuna uku aƙalla da bayanai iri ɗaya a rubuce, ka nemi ragi ba tare da jin nauyi ba, kuma ka tabbatar an rubuta a rasit nauyin dutsen da matakansa da asalinsa, da kwanakin da za ka iya mai da shi idan bai yi ba. Zoben hannu, wato wanda wani ya taɓa amfani da shi, shi ma hanya ce mai kyau idan za a bari wani gwani na daban ya duba maka shi kafin ka biya, domin dutsen ba ya tsufa, ƙarfen ne kawai ake sabuntawa.

Ƙarfen kuwa, ka lura cewa karat na zinare daban yake da karat na dutse, shi tsabtar zinaren yake nunawa. Mai karat 18 kashi 75 cikin ɗari zinare ne, ana buga masa lamba 750 a ciki, mai karat 14 kuma kashi 58.5 ne, lambarsa 585. Na biyun ya fi araha kuma ya fi jure ƙarce, saboda haka shi nake zaɓa maka. Farin zinare ana shafa masa wani ƙarfe mai suna rodiyam, wanda yake gogewa a hankali sai an sake shafawa, ka sa wannan ɗan kuɗin a lissafinka. Siririn zobe mai dutse guda ya fi sauƙin kuɗi, kuma sirantarsa tana sa dutsen ya fito sosai. A nan aikinta yana da muhimmanci fiye da yadda kake zato: mai sa safar hannu sau da yawa a yini tana kuma wanke hannu a kai a kai, dutse babba da ya yi tsini sama zai riƙa kama safar yana yaga ta, kuma wuraren jinya da yawa suna hana sa zobe mai dutse a bakin aiki. Mai yiwuwa zoben da ke zaune ƙasa-ƙasa, wanda ƙarfe ya zagaye bakin dutsensa, shi zai fi yi mata amfani a kan irin na ƙawarta. Tambaye ta wannan, za ka ga ta fi ka sanin amsar.

Idan bayan duk wannan ta ce ita dai karat ɗaya na haƙowa take so, kada ka yi fushi kuma kada ka yanke mata hukunci nan take. Kuna iya jinkirta zoben ku ci gaba da tari, kuna iya fara da ƙarami ku sauya dutsen idan hali ya samu, tun da wasu kantuna suna karɓar dutsen da aka saya a wurinsu a yi ciko a ɗauki babba, sai ka tambayi sharuɗɗan a rubuce. Amma idan ka nuna mata lissafin duka ta ce lallai sai ka ci bashi, to ku dakata da maganar zobe ku tattauna yadda kowannenku yake kallon kuɗi, domin wannan magana za ta sake dawowa a kan haya da abin hawa da karatun yara, kuma gara ku yi ta yanzu cikin natsuwa.

A wannan makon, ka ware kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da ka tara domin gyaran faɗin zoben da kula da shi, sauran shi ne iyakarka, ka rubuta adadin a takarda kafin ka sake taka ƙafa a kowane kanti. Ka yi magana da ita, sannan ku je tare a auna yatsanta da yamma, lokacin da yatsu suka ɗan fi kumbura, ta gwada siffofi daban-daban a hannunta ba tare da kun sayi komai ba a ranar. Allah ya sa albarka a cikin niyyarku, kuma ka rubuto mini in ji wanda ta zaɓa.